Keken da Injiniya Ya Kasa Sauka

"Keken nan ko dutse ya tare masa hanya, dutsen ne zai ji kunya." Haka Injiniya yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya tsayar a bakin shagonsa. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina, gyaran fanka yake yi, shi ya raɗa wa kansa. Keken dai na gaske ne, na hawan duwatsu: giya goma sha biyu, sifirin gaba da baya mai shanye gargada, birki mai kamawa nan take. Har da takalmi na musamman da ke maƙalewa a feda don kada ƙafa ta zame.

Saboda keken nan matarsa ta bar gida. Ya fitar da akwatunanta tsakar gida don keke ya sami wurin kwana a ɗaki, ruwan sama ya yi musu wanka. Kwana huɗu tana gidan mahaifinta, gogan naka yana fama da burodi da ruwan zafi, har ya gane keke ba ya girki, ba ya hira. Kewarta ta ishe shi, ya shirya zuwa ba da haƙuri.

"Ka tafi a ƙasa," in ji maƙwabcinsa mai wanki.

"Ba ka san Baba ba. Yana ganin keken zai ce ita ce ba ta da gaskiya."

Ranar ya fara saka takalmin. Ya hau, ƙafafu suka shige ƙas, ya tafi yana hura hanci.

Surukin nasa yana zaune kan benci a ƙofar gida. Injiniya ya kama birki, ya ja ƙafa, ƙafa ta ce ba inda za ta. Keke ya fara karkacewa, dole ya sake taka feda.

"Ina wuni, Baba?" Ya wuce. Ya zagayo. "Ya gida?" Ya sake wucewa.

"Sauko mana," in ji tsohon.

"Yanzu, Baba. Ina nuna maka yadda yake shan kwana ne."

A zagaye na biyar gumi ya wanke shi. Ya ce a ransa, kai Injiniyan banza, ka tambayi mai sayarwa komai ban da yadda ake sauka. A fili kuwa ya ce, "Baba, na zo ne…" ya wuce, ya dawo, "…ba da haƙuri."

A na tara dabara ta zo masa: zai jingina da bango. Sai dai birkin, kamar yadda ya sha faɗa, ba ya wasa. Keke ya tsaya cak, saura taku biyu a kai bango. Injiniya ya tafi a hankali, a hankali, ya zube gaban suruki, tayoyi a sama, ƙafafu na nan maƙale.

"Madalla," in ji tsohon. "Na karɓi gaisuwa."

Matar ta fito, ta kama dunduniyarsa ta murɗa waje. Ƙas, ƙafa ta fita.

"Yadda ake cirewa yana cikin takardar kwalin takalmin," ta ce, "wadda ka ce injiniya ba ya karantawa."

Mahaifinta ya dube ta. "To, za ki koma?"

Ta kalli mijinta a ƙasa, hular kwano ta rufe masa ido ɗaya.

"Zan koma, Baba. In ban koma ba, wa zai riƙa sauke shi?"