Yadda Fenti Ya Kayar da Ni a Tseren Gwaram

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi tseren babura daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, kowane malamin makaranta da akawu ya sayi babur, har da waɗanda ko keke ba su gama ƙwarewa ba. Ni sana'ata zane ce. Ina da 'yar rumfa kusa da tasha, ina rubuta allunan shaguna, ina ƙawata jikin manyan motoci da zaki da ɗawisu, in kuma hukuma za ta yi gangamin rigakafi ni ake kawo wa aikin fasta. Sana'ar ta rufa min asiri, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma zuciyata ba ta kan buroshi. Tun ranar da wasu motocin tsere suka ratsa garinmu, da manyan lambobi a ƙofofinsu, direbobin sanye da hular kwano, na kamu da ciwon gudu. (Cikin ƙiftawar ido suka wuce, amma na yi wata uku ina ba da labarin kamar ni na tuƙa.)

Alhaji Sale mai motoci, wanda nake yi wa rubutu a jikin motocinsa, shi ma ciwon ya kama shi, sai dai shi yana da halin magani. Ya sayo mota musamman don irin wannan tsere, ya samo direba daga Kano, saura mutum na biyu da zai zauna a gefe ya koyi aikin. Sai ya shirya wa samarin gari tseren babura zuwa Gwaram, ya ce wanda ya nuna ya san inji kuma ya san hanya, shi zai ba kujerar. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kujerar nan ba. A ganina ita ce za ta raba ni da warin kananzir da fenti har abada.

Sati biyu aka ba mu. Sauran samari suka kai baburansu wurin Malam Iro bakanike, ana wanke kafireto, ana sake filogi, ana ɗaure sarƙa. Ni kuwa na shigar da nawa rumfa na ja labule. Na goge tsohon fentinsa tas, na shafa ja mai ƙyalli, na zana harshen wuta a gefen tanki, na rubuta lamba bakwai da ruwan zinariya. Da na zo kan murfin tanki sai na yi niyyar zana tauraro. To, a tsakiyar murfin akwai wata 'yar ƙofa, ba ta fi bakin allura ba, kuma daidai inda zuciyar taurarona za ta zauna take. Na dube ta na ce lallai masu ƙera baburan nan ba su da tsafta a aiki. Na cike ta da fila irin ta masu gyaran jikin mota, na goge, na bi ta da fenti har hawa uku. Na ja da baya na yaba wa kaina.

Ana gobe tsere Malam Iro ya biyo ta rumfata.

"Malam mai zane, kowa ya kawo nasa na duba, ban ga naka ba," in ji shi.

Na dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da baƙin mai, na dubi jan tankina. Na ce masa, "Na gode, Malam Iro, lafiyarsa ƙalau."

"Ko tayar da shi ka yi tun da ka gama?"

"Na tayar, yana amsawa."

Ya ce to Allah Ya ba da sa'a, ya wuce. Gaskiya ne na tayar da shi, amma a tsaye, na minti ɗaya. Ban yarda na hau shi ba, don kada jar ƙasa ta ɓata shi kafin mutane su gani.

Da safe turo shi na yi har bakin layi, ko kunu na kasa sha. Mu goma sha wani abu ne, amma jama'a duk a kaina suka taru. Wani ya ce ko a Kano bai ga irinsa ba. Alhaji da kansa ya zagaya shi yana gyaɗa kai. Ya kamata wannan ya kwantar min da hankali, sai ma ya ƙara min fargaba, don yanzu idon kowa yana kan lamba bakwai.

Aka busa usur muka tashi. Kuma wallahi na fara da kyau. Kafin mu bar gonakin bayan gari na wuce mutum shida, ina hango na farko da na biyu. Har na fara tsara yadda zan gaisa da direban nan na Kano. Sai babur ya yi tari. Ya sake yi. Na murɗa totur, ya yi wani irin nishi ya mutu, ina ji ina gani waɗanda na wuce suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Na buɗe tanki in ga ko mai ne ya zube. Na ji wani ɗan huci, fuu, ban kula ba. Mai yana nan cike. Na rufe, na hura filogi (ban san abin da hurawar take yi ba, na dai ga ana yi), na buga kik, ya tashi kamar ba shi ba. Na ce alhamdu lillahi, ashe na iya kanikanci.

Bayan 'yan mil ya sake mutuwa. Na sake leƙa mai, na hura filogi, ya tashi. Haka muka yi ta yi da shi a hanyar nan har na daina ƙirgawa. Zufa ta jiƙa min riga, bakina ya bushe, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. A wani ƙauye ya mace min a gaban wata tsohuwa mai sayar da fura a gindin tsamiya. Ta dube shi ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, 'yan'uwanka sun daɗe da wucewa. Amma naka ya fi nasu kyau."

A nan ne tunanina ya fara lalacewa. Na ce ba banza ba. Ko dai baki ne ya kama shi da safe, ko kuma wani ya zuba min ruwa a mai. Wa ya zo rumfata jiya? Wa na hana taɓa babur ya tafi ransa a ɓace? Kafin in hango Gwaram na riga na gama shari'a na yanke wa Malam Iro hukunci.

Mutuwar ƙarshe ya yi ta ne ina hango ƙyallen da aka ɗaura a ƙarshen hanya, wanda ni na rubuta shi da hannuna. Wannan karon ban tsaya leƙa tanki ba, don na gaji da ganin man da ba ya amfana min komai. Na yi ta buga kik har ƙafata ta sage, ya ƙi. Haka na turo shi cikin jama'a, hular kwano a karkace, an riga an gama tafi an fara cin abinci. Wasu suka sake tafa min, irin tafin da gara a zage ka.

Alhaji yana zaune a kan kujera, Malam Iro a tsaye gefensa, don motar ɗaukar baburan da suka lalace ta kawo shi ta wata hanya.

"Malam, lafiya? Mun ɗauka ka koma gida," in ji Alhaji.

Da na yi shiru da na tsira da sauran mutuncina. Amma sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Alhaji, ba haka kawai ba. An taɓa min mai. Kuma wanda ya yi ya san kansa." Na juya na zuba wa Malam Iro ido.

Malam Iro ya dubi tankin. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya matso, ya murɗe murfin. Hucin nan ya sake fita, fuu, wannan karon kowa ya ji. Ya shinshina man, ya ɗaga murfin ya duba shi a rana, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Malam mai zane, ina 'yar ƙofar da ke nan?"

"Wace ƙofa?"

"Ta iska. In iska ba ta shiga ta sama, mai ba ya sauka ta ƙasa."

Na ce, a hankali, "Na like ta."

"Don me?"

"Ta ɓata min tauraro."

Ban san wa ya fara dariya ba, amma na san Alhaji ne ya fi kowa daɗewa yana yi, har da share hawaye da bakin rawani. Malam Iro ya tsinko ƙayar aduwa a gefen hanya, ya soka a tsakiyar taurarona, ya mayar da murfi, ya buga kik sau ɗaya. Ya hau ya tafi har ya ɓace mana, ya daɗe, ya dawo babur yana ta kuka lafiya lau. Ya miƙo min shi ya ce, "Injinka ya fi na kowa a nan. Numfashi kawai ka hana shi."

Wannan maganar ta fi dariyar yi min ciwo, don na san gaskiya ce. A gaban mutanen da na zarge shi, a gabansu na tsuguna na roƙe shi gafara. Ya ce ba komai, amma in riƙa bari masu baƙin hannu suna taɓa kayana.

Kujerar dai wani malamin firamare daga Basirka aka ba. Bayan kwana uku Alhaji ya aiko a kira ni. Na tafi da ɗan guntun buri a raina, ko ya duba gudun da na yi da farko. Na tarar da shi tsaye a gaban motar.

"Lamba nake so ka zana mata, da irin wutar nan taka," in ji shi. "Amma Iro zai zauna kusa da kai har ka gama. Duk inda ka ga rami, ka tambaye shi."

Na zana, ta yi kyau ƙwarai, na tsaya a bakin titi da buroshi a hannu na ga fitarta. Daga ranar na koyi abu guda: in ka tarar da abu an bar shi a buɗe, kada ka ɗauka wanda ya yi shi mantawa ya yi, yana jiran ka zo ka gyara masa.