Ranar da Na Kama Bango a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da zaman da na kira a zauren gidan ɗan yayata a Gumel ba, ko da kuwa dangi sun yi mini alfarmar mantawa (ba su yi ba).

Yaya Asabe ta yi fama da ciwon daji, har aka yi mata aiki a Kano aka cire mata mama ɗaya. Da aka sallamo ta, sai ta zauna wurin ɗanta Sani da matarsa Rahina. Ni kuwa a sanina, mara lafiya kwanciya yake yi. A lulluɓe shi, a dama masa kunu, masu dubiya su yi masa sannu. Haka muka taso muka gani.

Wata safiya na taso daga Gagarawa don in duba ta. Ina shiga tsakar gida na tarar da ita a tsaye, fuskarta na kallon bango, tana jan yatsunta sama a hankali, gumi da hawaye na zuba. Rahina na bayanta tana cewa, "Ƙara sama, Inna. Ba za ki zauna ba sai kin ƙara." A gefe ga tsintsiya, wai in ta gama ita za ta share ƙofar ɗakinta.

Nan take na juya. Ni mutum ne mai bin abu daki-daki. Na farko, na kira Sani na ce matarsa na azabtar da uwarsa. Ya fara cewa, "Kawu, ai likita ne..." na ce ya rufe mini baki. Na biyu, na aika wa mahaifin Rahina, Alhaji Ɗanjuma, dillalin shanu a Maigatari, cewa ya zo maza, auren 'yarsa na rawa. Ranar kasuwa ce, amma ya bar cinikinsa ya taho.

Muka zauna a zaure, har da limamin unguwa. Rahina na durƙushe a bakin ƙofa, Sani ya sunkuyar da kai. Na zayyana laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, na rufe da cewa ko dai yarinya ta koma gidan ubanta, ko in ɗauke 'yar'uwata yau ɗin nan.

Alhaji ya ce, "Malam, ban gane maganar bangon nan ba."

Nan ne tsautsayi ya ja ni. Na miƙe, na gyara babbar riga, na fuskanci bango na fara jan yatsu sama don su gani da idonsu. Hannuna bai wuce kunnena ba kafaɗata ta ce ƙas, ta riƙe. (Tun faɗuwar da na yi a babur take haka, ban taɓa gaya wa kowa ba.) Na kasa yin sama, na kasa saukewa.

Sai na ji murya a bayana. "Auta, me kake yi wa bangon mutane?"

Yaya ce, cikin hijabinta. Ni da furfurata, a gaban suruki da liman, Auta!

Ta gaida su, sannan ta ce, "Alhaji, ku yi haƙuri. Likitan gashin ƙashi ne ya ce in ban riƙa motsa hannun nan kullum ba, zai sandare. Da na dawo ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa, wanka sai an yi mini. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in kwanta, kamar gawa nake jira in zama. Yarinyar nan kaɗai ta iya jure kukana. Ni na ce mata ko na zage ta kada ta bar ni in zauna. Yau da kaina na ɗaga hannu na yi kabbara."

Ta zo kusa da ni, ta ɗora hannun da aka yi wa aikin a bango, ta ja shi har ya wuce nawa.

Liman ya shiga duba carbinsa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To, tunda an ce ta koma gida, Rahina, ɗauko mayafinki." Ya tafi da ita.

Abin da ya biyo baya ya fi zauren zafi. Kwanakin da Rahina ba ta nan, hannun Yaya ya fara yin nauyi, ita kuwa ta daina amsa gaisuwata. Dole na hau mota zuwa Maigatari biko. Na durƙusa a gaban Alhaji, abokan dillancinsa na kallo, ɗaya har yana tambaya, "Wannan ne mai hawa bangon?"

Rahina ta dawo. Da ta gaishe ni sai ta ce, a ladabce, "Kawu, in kafaɗar na damunka, akwai motsa hannun da ake yi da sanda." Na ce na gode. (Ina yi, a ɗaki, ƙofa a rufe.)

Yanzu in na je dubiya na tarar da mara lafiya a tsaye, sannu kawai nake yi masa in matsa in ba shi hanya.