Ledar Hajiya Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Kurfi da farar rigar aiki, takalmi ɗaya nawa ɗaya na abokiyar aikina.

Watana biyu ke nan da kama aiki a wani kantin magani a Dutsin-Ma, ina ta ji da kaina, wai ni ƙwararriyar mai haɗa magunguna. Da hantsi aka cika maƙil. Na sallami wata tsohuwa daga Kurfi, Hajiya Rabi, mai hawan jini, sannan wani dattijo mai ciwon sukari. Bayan azahar sai ga dattijon ya dawo.

“’Yata, yaushe na koma Rabi?” Ya miƙo ledar.

Na duba sunan. Maganin Hajiya ne a hannunsa, nasa kuwa ya tafi Kurfi. Wanda ba shi da sukari in ya sha wannan ƙwayar yana iya suma, tsoho ma ya zarce. Nan take abin da aka koya mana a makaranta ya dawo mini: in sakacin mai ba da magani ya kashe mutum, ba a lasisi kaɗai abin ke tsayawa ba, har kotu da gidan yari. (A ajin nan gyangyaɗi nake yi, amma ranar har muryar malamin na ji.)

Na kira lambarta, a kashe. Na gyara wa dattijon nasa, na zura takalman da na gani, na tare mota. Duk hanya ina hango mahaifiyata a ƙofar gidan yari da kwanon abinci.

A Kurfi na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Na tarar da mata dam a tsakar gida. Shi ke nan, zaman makoki! Na faɗa ciki ko sallama babu, na zube ina kuka.

“Ni ce! Don Allah kada ku kira ’yan sanda! Ku rufa mini asiri, ɗaure ni za a yi!”

Sai a lokacin na ga jariri da ƙwaryar fura. Ashe suna ake yi.

Hajiya Rabi tana kan tabarma tana cin goro, lafiyarta lau. Ta zaro ledar daga ƙarƙashin filo.

“Wannan? Shekara nawa ina shan maganina, ban san kamarsa ba? Ina gani na aje.” Ta kalle ni sama da ƙasa. “Amma ’yan nan, tun da kika shigo kike zancen ɗauri. Har yanzu ban ji kin ce, Hajiya yaya jiki ba.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, “Hajiya, yaya jiki?” Gidan ya kwashe da dariya. Wata ma ta ce a ba likita fura, ita ta fi kama da mara lafiya.

Na koma na faɗa wa mai kantin komai, na sha faɗa daidai gwargwado.

Yanzu kowace leda sai na karanta sunan da ƙarfi sau biyu, har mutane na tsammanin kurma ce ni. Kuma na gane cewa tsoron alƙali yana iya kai mutum Kurfi a guje, amma ba ya koya masa gaisuwa.