Yadda Ake Zaɓen Kaza Mai Ladabi Don Ƙwai da Nama

Kana son kaza irin ta kakanni, wadda za ta ba ka ƙwai yau, nama gobe, ba tare da ta tsone wa yaranka ido ba? Bi matakan nan. Ƙwai kam na ɗaukar maka alkawari. Nama ma yana tafe.

1. Yi fuskar masani.
A wurin mai kaji, kauce wa fararen nan na gona masu kumbura kamar balan-balan. Nemi 'yar asali mai faɗin ƙirji da cikar cinya. Ɗaga ta, ka jinjina, ka gyaɗa kai. Ba sai ka san abin da kake aunawa ba.

2. Gwada halinta.
Miƙa mata yatsa. In ta sare ka, ajiye ta. In ta kwantar da kai a tafin hannunka ta lumshe ido, ita ce. Masana sun ce alamar nama mai taushi ke nan. Masanan ni ne.

3. Hana a raɗa mata suna.
Tara iyali ka ja kunne cewa wannan abinci ce, ba 'yar'uwa ba. Kafin ka rufe baki autarka ta sa mata Gimbiya. Yi kamar ba ka ji ba.

4. Ci ƙwai, ka riƙa kallon cinya.
Za ta raka ka bakin ƙofa da safe, ta tarbe ka da yamma, abin da babban ɗanka bai taɓa yi ba. Kada ka kula ta. Gyaɗar da kake ɓoyo mata a aljihu don ta yi ƙiba ne kawai.

5. Wasa wuƙa.
Ta daina ƙwai, ga surukinka yana tafe, lokaci ya yi. Za ka same ta goye a bayan auta.
"Baba, in kai ta ta gaishe da Kaka?"
Mayar da wuƙa. A dafa wa surukin wake, ka ce likita ya hana mutanen gidan cin nama.

6. Ɗaga zuwa baɗi.
Baɗi ma ka sake ɗagawa. Wata safiya za ka buɗe akurki ka tarar ta riga wuƙarka, mushe kuwa ba ya shiga tukunya. Ɗauki fartanya ka haƙa mata rami a gindin bishiya. In matarka ta ga idonka ya yi ja, ce ƙasa ce ta faɗa.

Gargaɗi: Marubucin ba ruwansa da yunwar suruki, ko kukan auta, ko naka. Kada kuma a tambaye shi dalilin da 'ya'yan marigayiyar ke yawo a tsakar gidansa, kowacce da sunanta.