Sai da Na Mutu Suka Ba Ni Eriya

Jama'a, wata ranar Talata a watan jiya na rasu, kuma ni ne mutum na ƙarshe a garin nan da labarin ya iske. Ina zaune a kicin da safe ina kurɓar kofi, aka danna ƙararrawar ƙofa. Ina buɗewa sai ga Delphine, sakatariyar ƙungiyarmu ta 'yan rediyo, ta sha baƙaƙen kaya, idanu sun yi jawur, tana riƙe da tiren dankali da niƙaƙƙen nama irin wanda ake kaiwa gidan makoki. Tana ganina ta ƙwalla ƙara. Abin da ya burge ni da ita, ba ta saki tiren ba.

"Merle! Wayyo Allah! Ashe ba ka mutu ba?"

"To, ni dai ba a sanar da ni ba. Shigo mana, kina sa mana sanyi."

Matata Arlys ta leƙo ta bayana, ta dubi Delphine, ta dubi tiren, ta ce, "Miƙo nan, 'yar'uwa. Ko bai mutu ba ai zai ci."

Bari in koma baya ku ji yadda aka yi na mutu ina shan kofi.

Duk mai karanta wannan shafi ya san cutata rediyo ce. Ba rediyon jin labarai ba, wanda kai da kanka za ka kira wani a wata duniya ya amsa maka. Ni ko baki ba na sawa. Bugun tangaraho nake yi da ɗan madanni na ƙarfe, gajere da dogo, gajere da dogo, har magana ta haɗu. Abokin bugun nawa shi ne Orval, wani tsohon makiyayi da ke zaune shi kaɗai a cikin duwatsun Montana tun rasuwar matarsa. Wayar salula ba ta kaiwa wurinsa. Manyan yankinsu sun yi musu alƙawarin hasumiyar waya, kuma tsakani da Allah ba su taɓa mantawa ba: duk kakar zaɓe sai sun zo sun sake aza harsashinta.

Kowace safiya nakan kira Orval daga nan Dakota ta Arewa, ya amsa. Ya gaya mini yanayin gari, ciwon gwiwarsa, da wace saniya ce ta tsallake shinge. Yarjejeniyarmu ita ce, ranar da na kira na ji shiru, in buga wa 'yarsa waya a birni ta je ta duba shi. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan ba, amma ko cikin mutum dubu na san hannunsa, domin kowa da irin bugunsa, kamar yadda kowa da irin tafiyarsa. Ina ƙaunar tsohon nan, ba na jin kunyar faɗa.

Ana nan ana nan, sai Mai Girma Sarkin Ƙawata Gari, Garkuwan Ciyawar Ƙofar Gida, Allah ya ƙara masa gani, ya zauna da kwamitinsa suka gano abin da ya hana garinmu ci gaba. Ba ramin titinmu ba ne, wanda ya girmi jikana. Ba fitilar mahaɗa ba ce, da take ta ƙifta ido tun bara. Ashe wayar eriyata ce, siririya kamar zaren ɗinki, wadda na ɗaure daga rufin gida zuwa bishiyar bayan gida. Wai tana ɓata wa baƙi kallon gari. Na fita na tsaya na kalli garin da kyau: rumbun hatsi, gidan mai, da kantin taya. Lallai an yi baƙi asara.

Ina wurin likitan haƙori ma'aikata suka zo da motar tsani suka kwance ta. Ba ni kaɗai ba, duk 'yan ƙungiyarmu na cikin gari haka aka yi musu aski rana guda.

Na ce da babu gara ba daɗi. Akwai wani akwati da muke sawa tsakanin rediyo da eriya, mai daidaita su, ni Mai Sulhu nake kiransa. Ka haɗa shi da kowane irin tarkacen ƙarfe, ka murɗa nan ka murɗa can, sai rediyo ya yarda cewa lafiyayyar eriya aka ba shi. Ba ya gyara komai fa. Aikinsa kawai ya gaya wa rediyo cewa komai na tafiya daidai. Na tabbata da Mai Girma ya san da shi, da tuni ya naɗa shi kakakin kwamiti.

Na ɗauki Mai Sulhu na haɗa shi da indararon rufin gidana, na zauna na shiga kiran Orval. Ban yi nisa ba na ji ana dukan taga. Maƙwabcina Duane ne, da rigar barci da takalmin dusar ƙanƙara.

"Kai Merle, me kake yi wa ƙofar garejina?"

"Ni da ke ɗakina, ina ruwana da ƙofarka?"

"Ina ruwanka? Tana ta hawa tana sauka ita kaɗai tun ɗazu! Karena ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Danna abin nan naka mu gani."

Na danna. Muka ji ƙofar, wadda da rimot take aiki, ta yi gurnani ta tashi.

"Ka gani ko? Wai da wa kake magana ne?"

"Da Montana."

"To Montana ba ta ji ka ba, mutumina. Garejina ne ya ji ka, kuma ya amsa."

Gaskiyar Duane ce. Na kwana biyu ina fama, gobe zan gyara, jibi zan gyara, saƙona bai taɓa wuce layinmu ba. A can kuwa Orval yana kunna rediyo kowace safiya yana jin shiru. Mu 'yan rediyo ba ma cewa wane ya mutu, sai mu ce madanninsa ya yi shiru. Kuma a tunanin ɗan rediyo na gaske, babu abin da zai hana mutum fitowa a lokacin da ya saba sai kabari. Orval bai kawo ciwo a ransa ba, bai kawo tafiya ba, balle kwamiti. Ya hau iska ya sanar wa duniya cewa madannin Merle ya yi shiru. Wani bawan Allah a Idaho ya ji, ya nemo lambar Delphine, ita kuma ta kunna murhu.

Nan take muka roƙi na Idaho ya koma ya gaya wa Orval ina nan da raina. Amsar da ya kawo ita ta tsinka mini zuciya. Orval ya ce kada a yi masa wasan yara, ya san ana lallashin tsoho ne don kada ya faɗi. Haka aka yi masa lokacin matarsa, aka yi ta ce masa tana samun sauƙi. Ya ce shi ba zai yarda ba sai ya ji hannun Merle da kunnensa. Na Idaho ya ƙara da cewa bugun tsohon ya canja, yana rawa, yana tsallake haruffa.

Washegari na loda rediyo da batir a mota na tafi filin shaƙatawa na bakin gari, in jefa waya a kan bishiya. Ko igiyar ban gama warwarewa ba mai gadi ya iso. Sai da takardar izini. Wa ke bayarwa? Kwamiti. Ina kwamitin? Sun tafi wani otal a bakin teku, taron ƙara wa juna sani kan tsimin kuɗin jama'a.

Ana wata ga wata. Jaridar garinmu ta fito, na buɗe, sai ga hotona, ga na Mai Girma ya ninka nawa girma. Ashe tun kafin ya hau jirgi labarin mutuwata ya kai ofishinsa, ga zaɓe ya ƙarato. Ya ce gari ya yi rashin gwarzo, ɗan kishin ƙasa, wanda ya haɗa mu da duniya. Saboda haka kwamiti ya amince a kafa doguwar sandar tuta ta ƙarfe a kan ciyawar bakin titi, daidai ƙofar gidan marigayin, don tunawa da shi.

Da suka dawo na sa kwat ɗina na zuwa coci na tafi ofishin. Mai Girma ya ɗago kai ya gan ni, ya yi murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido.

"Sannu da zuwa, dattijo. Daga dangin marigayin ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ne marigayin."

Ko gezau bai yi ba. Wannan fa shi ake kira gogewa. Ya juya wurin magatakarda, suka yi ƙus-ƙus, ya juyo.

"Muna taya ka murna ƙwarai. Sai dai ka zo a makare. An riga an ba da kwangila, an sayo sanda, an zana allon tagulla. Kwamiti ba ya zama kan magana ɗaya sau biyu."

"To, tunda ina raye, ko za a mayar mini da 'yar wayata?"

"A'a, dattijo, doka ai doka ce. Ba ma son abin da zai tsaya a sama ya ɓata gari."

"Ranka ya daɗe, ita sandar tsawonta nawa?"

"Za ta fi rufin gidanka nesa ba kusa ba," ya faɗa yana buɗe ƙirji. "Ƙarfe zalla. Surukina ne ya kawo ta."

Na yi lissafin da kowane ɗan rediyo zai yi: doguwar sandar ƙarfe a ƙofar gida ai eriya ce. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na miƙe na yi godiya har da rusunawa. Ya rako ni bakin ƙofa, ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, ko a raye ko a mace, suna sa ran ƙuri'ata.

Ku ji ikon Allah: mutanen da ramin titi ya gagara shekara da shekaru, kafin ƙarshen mako sun kafa sanda. Aka yi biki, aka kawo 'yan badujalar makaranta, aka yanka ƙyalle. Na zauna a sahun gaba kusa da Arlys, ina jin ana yabona. Ita kuwa har da share ido. Na zungure ta na ce, "Ke, gani nan fa."

"Yi mini shiru," in ji ta. "Wannan da suke faɗa ya fi ka kirki."

Da taro ya watse, Duane ya kawo shebur ba tare da na roƙe shi ba. Ya ce in dai ƙofarsa za ta huta, ko rijiya ce zai haƙa. Muka tsaga ciyawa muka binne waya daga gindin sanda har ɗakina. Dokar ta hana abin da ke sama ne, ba ta ce komai ba kan abin da ke ƙasa.

Da safe na zauna, na haɗa Mai Sulhu, na murɗa. Karo na farko a rayuwarsa bai yi wata wahalar ƙarya ba, eriyar ta gaske ce. Na ɗora yatsu kan madanni na kira Orval. Shiru. Na sake kira. Shiru, sai shuuu na iska. Na fara laluben lambar 'yarsa da ɗaya hannun. Can sai na ji shi, a hankali, yana rawa.

"Wane ne?"

"Merle ne."

"Sake bugawa."

Na buga masa duk abin da ya zo mini: kwamiti, indararo, garejin Duane, tiren Delphine. Na yi kuskure ya fi a ƙirga. Na tsaya. Da ya amsa, bugun ya miƙe tsaf, irin nasa na da.

"Kai ne. Duk duniya babu mai bugu da muni haka." Ya ƙara da cewa, "Na yi maka kuka, ɗan banza. Kada ka ƙara mutuwa ba ka gaya mini ba."

Na cire tabarau na goge, don ɗakin ya yi mini hazo. Sannan na tambaye shi labarin gwiwa, ya ce tana nan yadda na bar ta.

Jiya magatakarda ya bugo waya, wai an lura allon tagulla yana cewa marigayi, ko ina so in shigar da koke a gyara? Na ce masa Allah ya kiyaye, kada a wahalar da kwamiti. Ranar da takarda ta nuna ina da rai, ranar motar tsani za ta dawo. Saboda haka, mai karatu, in ka gan ni a kanti ina zaɓen madara, ka taimaka ka kau da kai. A garin nan mamaci kaɗai ake yi wa aiki, ni kuwa ban shirya tashi ba tukuna.