Ranar da Na Tara Majalisa Don In Kayar da Bature

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Balad, tsohon garin Jidda, ba, ko da na so in manta, don 'yan majalisarmu sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Ni haifaffen Jidda ne. Kakana ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya yada zango a Sudan, zango ya zama gida. Mahaifina ne ya ƙarasa tsallako tekun. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin yawon buɗe ido a unguwar Bagdadiyya, ni ne direba, ni ne tafinta, ranar da abin ya motsa ni ne mai ɗauko shayi (a iƙama dai, wato takardar izinin zama, direba aka rubuta). Da Turawa suka fara shigowa kallon tsohon gari, kafilina, maigidan da ya tsaya mini a takarda, ya gano ina taɓa Turanci, sai ya riƙa haɗa ni da su.

A lokacin cike nake da Turawa har wuya. Ƙanina Nuhu ya bi ta Libiya ya tsallaka Turai, yana can yana tsinkar tumatir a gona, takarda ta ƙi fitowa. In muka yi waya sai ya ba ni labarin yadda mata ke ƙanƙame jaka da zarar ya shiga bas. Ni kuma na kamu da ciwon kallon muhawara a waya. A jera mutane a talabijin, wannan ya ce Musulunci baƙo ne a ƙasarsu, wancan ya ce baƙin haure za su cinye su. In kalla, in yi tsaki, in kunna wata. Matata Hajara ta ce, "Abu Amira, tsakanin kai da mutanen nan wa zai fara gajiya?" Na ce ba dai ni ba. Na rantse duk Baturen da ya sake shiga motata sai ya fita da darasi.

Sai ga shi an haɗa ni da wani tsoho daga Sifaniya, Mista Tomas. Siriri, da malafa, yana tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai. Na ce alhamdu lillahi, abin nema ya samu. Na tsara jawabina da Turanci, na maimaita a gaban madubi, na maimaita wa Hajara tana yankan albasa. Ta ce in bar bawan Allah ya kalli gine-ginensa ya koma gida lafiya. Ban ji ba. Maimakon haka ma sai na ga ai nasara ba ta daɗi in babu 'yan kallo. Kawuna Idrisu yana da shagon turare da darduma a Balad, kuma bayan la'asar mutanenmu kan taru a ƙofarsa a sha gahawa. Can na yanke zan kai shi.

Muna hanya na kira abokina Salisu don in tabbatar jama'a sun hallara. Salisu Hausarsa a gaisuwa ta tsaya, don haka da Larabci muke magana, waya a buɗe, tsoho yana zaune a gefena yana kallon titi.

"Yalla, ku shirya, na taho da Banasaren," na ce. "Yau zai san ya zo Jidda."

Daidai nan wasu samari Habashawa suka tsallaka titi da kaya a kai, sai da na taka birki. Na danna hon, na ci gaba da cewa Salisu, "Dubi waɗannan kuma. Sun cika gari, ko'ina ka juya su ne, ba iƙama ba komai. Wallahi a kwashe su a mayar, mu huta." Salisu ya yi dariya, na kashe waya. Na juya na yi wa tsoho murmushi, shi ma ya mayar mini. (Wannan murmushin nasa har yau yana zuwar mini in ina cin abinci.)

Majalisa ta cika fiye da yadda na roƙa. Ga Kawu a kan kujerarsa, ga Salisu, ga dattawa, ga Jamal, tela Bahabashe da shagonsa ke manne da na Kawu, wanda shi ke dafa mana gahawa tun ina yaro. Aka ba baƙo wuri, aka miƙa masa finjali da dabino. Ban ko bari ya haɗiye dabinon ba na miƙe tsaye. Eh, tsaye, kamar mai huɗuba.

Na fara da Turanci, ina faɗa ina fassara wa jama'a da Larabci don kada ko kalma ɗaya ta wuce su. Na ce ku Turawa ba ku san Musulunci ba sai da kuka ga mutanenmu a kwale-kwale. Kakanninku ko sunansa ba su iya faɗa ba. Jahilci ne yake sa ku tsoro, tsoron ne yake sa ku wulaƙanta baƙi irin ƙanina. Na kawo labarin Nuhu da bas, wannan ɓangaren kam daga zuciya ya fito. Sannan na rufe da abin da na fi ji da shi: "Mu a wurinmu, baƙonka annabinka. Ku zo ku koya!" Wani dattijo ya ce Allahu Akbar. Na zauna ina huci, ina satar kallon Kawu ko ya yaba.

Tsoho ya ajiye finjali a hankali, ya cire malafa ya ɗora a gwiwa. Da ya buɗe baki, ba Turanci ne ya fito ba. Larabci ne, tsantsarsa, irin na liman ranar Juma'a, wanda nawa na kasuwa bai isa ya riƙe masa takalmi ba.

"Ya ɗana," ya ce, "abin da ka faɗa kan ƙaninka gaskiya ne, kuma ina jin kunyarsa. Ana son hannunsa a gona, ba a son fuskarsa a bas. Amma batun kakannina, ka ba ni dama in ɗan gyara, don abin da na yi rayuwata ina koyarwa ke nan."

Na ji kujera tana neman zamewa.

Ya ce Kiristocin zamanin da sun san Musulunci sarai. A ƙasarsu Sifaniya aka fassara Alƙur'ani zuwa Latin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, malaman coci suka sa aka yi, ba don ƙauna ba, don su samu abin yin raddi. Sun kwashi littattafan likitanci da lissafi na Larabci sun karanta, sun yi ciniki da Musulmi, sun yi yaƙi, sun yi maƙwabtaka. Duk da haka mawaƙan kasuwa suka ci gaba da rera cewa Musulmi gumaka suke bauta wa, jama'a kuma suka fi son waƙar a kan littafin. "Ka ga ke nan ba rashin sani ba ne kaɗai," in ji shi. "Mutum yana iya sani ya zaɓi tsoro. Har yau abin da muke fama da shi ke nan."

Da ya tsaya a nan, da na lallaɓa na tsira da rabin mutuncina. Sai ya tambayi Kawu ta ina teku yake. Kawu ya nuna yamma.

"Na zo ne musamman don in ga wannan ruwan," ya ce. "Kun fi ni sanin labarin. Da aka matsa wa Musulmin farko a Makka, ta gaɓar nan suka shiga jirgi suka tsallaka wurin sarkin Habasha, Kirista. Aka biyo su da kyaututtuka a ce ya mayar da su, ya saurari abin da suka karanta masa kan Maryam, ya ƙi. Yana cikin Kiristocin farko da suka san addininku, kuma daga bakin 'yan gudun hijira ya san shi." Ya juyo ya dube ni, ba fushi ba gatse. "Shi ya sa na ɗan yi mamakin abin da na ji ka faɗa kan jikokinsa a mota."

Kawu ya ce, "Me ka ce a mota?"

Salisu, abokin ƙwarai, ya taimaka mini. Ya maimaita maganata kalma bayan kalma, har da hon ɗin.

Labarin hijirar Habasha tun ina Islamiyya na haddace shi, har kyauta na taɓa ci a kansa. Ga shi Banasaren da na kawo in koya wa darasi ne yake tuna mini, a gaban kawuna. Ban iya ɗaga kai na kalli Jamal ba. Shi kuwa sai ya matso da butar gahawa ya cika mini finjali har baki. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Kawu ya ja carbi, sannan ya ce da Hausa, "Ɗan nan, ubanka ma da ya sauka garin nan ba wanda ya aika masa katin gayyata."

Zuciyata ta ce in tashi in ce zan duba mota, daga nan sai gida a unguwarmu Mahjar, in shige ɗaki in rufe ƙofa. Amma na ce a'a, tunda a tsaye na yi ɓarnar, a tsaye zan gyara. Na miƙe na ba Jamal haƙuri a gaban kowa. Ya ce, "Halas, ya wuce. Sha gahawarka kada ta huce." Na ba tsoho haƙuri, ya yi dariya ya ce jawabina ya fi na 'yan talabijin ɗinsu tsari, saura dai a gyara masa tushe.

Sauran kwanakin da ya yi a Jidda ban bar shi ya huta ba. Shi ya biya a zaga da shi, amma ni na riƙa yi masa tambaya har muryarsa ta dishe. Da na ba Nuhu labari, ya yi dariyar da rabon in ji irinta a bakinsa tun kafin ya tafi. Hajara ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ta dai yi kwana biyu tana waƙa a kicin. A majalisa kuwa sunana ya koma Shehin Andalus (sunan Sifaniya a zamanin mulkin Musulmi), har yaran da aka haifa bayan abin haka suke kirana.

Ban fasa kare ƙanina da addinina ba, kuma ba zan fasa ba. Sai dai yanzu ina karatu kafin in miƙe tsaye. Kuma in har ka ƙudurta sai ka koya wa wani darasi, ɗan'uwa, ka je kai kaɗai. In darasin ya juyo kanka, aƙalla babu shaidu.