Hoton Auren Darakta Pang

Duk faɗin birnin Baotou babu hanci irin na Darakta Pang. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutumin da ya tsufa yana mataimakin darakta na uku a ofishin kula da kasuwanni ai ba zai yi mana ƙarya ba. Kalmar "mataimaki" kuwa tuni unguwa ta binne ta don a zauna lafiya. Wanda ya kuskura ya tono ta, ya yi bankwana da amsa gaisuwa har bikin sabuwar shekara.

Da ya yi ritaya sai duniya ta yi masa shiru. Babu mai buɗe masa ƙofar mota, babu mai tafi in ya yi tari. Wani tsohon sai ya kama kamun kifi ko goyon jika. Ba dai Pang ba. Shi kwas ya shiga na 'yan kwanaki a ɗakin taron wani otal, ya fito da takarda mai tambarin zinariya, wai ya zama masanin giyar inabi. Tun daga ranar muka shiga uku. Komai aka miƙa masa a kofi sai ya jujjuya shi, ya tura hanci, ya lumshe ido kamar mage a rana. Shayi, ruwan zafi, romon taliya, babu wanda ya tsira. Ya taɓa sansana kunun waken soya a bakin layi, ya ce yana jin ƙamshin itacen da ruwan sama ya daka. Mai kunun ta ce ƙonewa ya yi. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Hancin Zinariya, ya ɗauka yabo ne, har ya mai da shi sunansa a waya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Wannan babban mutum yana da mata, ko da yake sai an tuna masa. Sunanta Shulan. Ta ƙare ƙuruciyarta a masaƙa, ta rena masa 'ya, ta yi jinyar uwarsa har rami, ba ta taɓa neman komai ba sai abu ɗaya: hoton aure. Ranar da aka ɗaura musu, suna kan layi a shagon mai hoto, labari ya zo cewa an sauke wa shugaban ofishinsu kabejin hunturu, ana neman masu hawa da shi bene. Ango ya bar amarya a tsaye, ya ruga ɗaukar kabeji. Ya ce za su dawo gobe. Goben nan ce ta shekara talatin.

Sa'o'in Shulan duk sun je sun sake ɗaukar nasu: farar riga mai jan ƙasa, tsoho a gefe cikin baƙar kwat ya tsuke tumbi, a rataye a falo. Ita bangonta babu komai sai takardar shaidar hancin mijinta. Da cikar shekara talatin ta matso, 'yarsu ta kama musu ɗaki a wata gonar inabi a gindin dutsen Helan, ta kuma ɗauki mai hoto. Pang, wanda ko kasuwa bai taɓa raka matarsa ba, yana jin an ce gonar inabi ya ce ai shi dama tuni yake da wannan shirin.

Ana jibi tafiya ya tara tsofaffin da ke wasan kati a tsakar gida ya yi musu jawabi.

"Aure," in ji shi, yana ɗaga yatsa, "tamkar giyar inabi yake. A ajiye shi a wuri mai duhu, kada a taɓa shi, kada a dame shi da kulawa. To, a nan yake yin daraja. Ku tambayi iyalina."

Babu wanda ya tambaye ta. Tana sama tana gwada takalmi. Wata guda ta yi ba ta cin tuwon dare, ta rina furfura, ta sa an faɗaɗa rigar haya a kafaɗa. A jirgin ƙasa ta rungume akwatin rigar a cinya, shi kuwa ya koyar da duk taragon yadda ake riƙe kofi, har wani mai jariri ya nemi a canza masa kujera.

Mai hoton wata mace ce mai kaurin murya, ana ce da ita Dou, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta gaya musu tun da safe cewa hoton na yamma ne, lokacin da rana za ta zauna a kan dutse ta zubo ja a kan inabi. Da zarar ta faɗa bayan Helan an gama, gobe tana da wata amaryar a birnin Yinchuan, su ma jirginsu na safe ne. Pang ya gyaɗa kai, ya ce ya sha shugabantar tarukan da suka fi wannan ƙurewar lokaci.

Aka shiga da Shulan ɗakin kwalliya. Ganin mai hoto zaune a banza, Hancin Zinariya ya ga bai dace a yi asarar ma'aikaciya ba. Ya sa kwat, ya ja Dou cikin gona. Aka ɗauke shi hannuwa a baya yana duba inabi kamar ya zo kama masu algus. Aka ɗauke shi yana nuna nesa da yatsa, alhali babu komai a nesan sai tarakta. Aka ɗauke shi rungume da ganga. Aka ɗauke shi da kofi a dama, da kofi a hagu, da kofi a sama yana leƙa rana ta cikinsa. Dou ta ce batirinta zai mutu, ya ce tarihi ba ya jiran batir.

Bayan abincin rana ya sauka ɗakin ɗanɗano, can ƙarƙashin ƙasa inda gangunan suke. Yarinyar da ke zubawa ba ta kai ga buɗe baki ba ya karɓe aikin.

"Matsalar mutanenmu ita ce rashin wayewa," ya ce da ita da sauran baƙi. "Suna kwankwaɗar wannan abu kamar farar barasar dawa a gidan biki. Haba. Kurɓa ake yi, a yi yawo da ita a baki, a saurare ta, sannan a tofar. Wanda ya haɗiye, ɗan ƙauye ne ko da a babban birnin ƙasa aka haife shi."

Bai rufe baki ba ƙofa ta buɗe, mai gonar da kanta ta shigo tana ja da baya tana murmushi. A bayanta ga Shugaba Meng, darakta na gaske, na lardi sukutum, wanda har yanzu yake kan kujera, da jama'arsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Bayan Pang, wanda tun safe yake miƙe kamar sandar tuta, ya lanƙwashe da kansa.

A yi adalci, babu abin da Meng zai iya yi masa. Ba ƙarin girma ga mai ritaya, ba canjin ofis. Amma hali zanen dutse ne. Pang ya cika kofi ya matsa, ya gabatar da kansa, ya roƙi alfarmar gaisawa da kofi. Da za su haɗa, ya sauke bakin nasa ƙasa da na Meng, yadda ƙarami yake yi wa babba. Meng mutum ne mai kunya, ya ga furfura, ya sauke nasa shi ma. Pang ya ƙara saukewa. Meng ya bi. Suka wuce teburi, suka wuce gwiwa, har sai da Darakta Pang ya durƙusa a kan siminti ya ci gasar. Sannan ya miƙe, ya ɗaga kai, ya shanye tas, ya kifa kofin don shugaba ya ga babu ko ɗigo. Bokitin tofarwa yana gefe yana kallonsa.

To, ba a gaisa da shugaba a bar sakatarensa. Ba a gaisa da sakatare a bar mataimaka. Har direba sai da ya samu nasa, shi da shayi, Pang da jar giya.

Yana zagaye na biyu Shulan ta bayyana a bakin matakala, ta tattaro farar rigar da hannu biyu kada ta share ƙura. Kowa ya juyo yana kallonta, don gaskiya ta yi kyau.

"Tsoho, rana ta fara sauka."

"Ga ni nan, ga ni nan. Ba ki ga da wa nake ba?" Ya juya ga Meng yana dariyar neman gafara. "Iyalina ce, ranka ya daɗe. Ka san mata da hoto."

Meng ya ce kada a sa yayarmu jira, ya je kawai. Pang ya dafe ƙirji ya ce a tarihin aikinsa bai taɓa barin shugaba da kofi a bushe ba, ba kuma yau zai fara ba. Shulan ta tsaya kaɗan, ta juya ta hau. Ƙarshe Meng ne ya ce zai zaga bayan gida, ya bi ta ƙofar baya ya shige mota. Pang ya ci gaba da gaisawa da kujerarsa.

Rana tana taɓa kan dutse ma'aikata biyu suka fito da shi, ƙafafunsa suna rubutu a ƙasa. Leɓe ya yi shuɗi, farar taguwa ta yi taswira. Suka tsayar da shi kusa da amarya, suka saki, ya tafi hagu. Suka tsayar, ya tafi dama. Dou ta ce ya dubi matarsa na ɗan lokaci kaɗan kawai. Ya ɗaga yatsa, ya ce, "Da farko dai," sannan ya zauna daɓas a cikin kunyar gona, ya jingina da gindin inabi, ya buɗe baki ya kama minshari. Rina biyu suka zo suna duba ko ya nuna.

Shulan ba ta yi kuka ba. Kwalliyar ta ci rabin wuni, ba za ta wanke ta a kan wannan ba. Ta dubi dutsen, ta ga saura ƙiris, ta gyara mayafi ta ce da Dou ta ɗauka. Aka ɗauke ta ita kaɗai tsakanin layukan inabi, hasken ya zuba mata ja a fuska, iska tana ɗaga rigar. Sai rana ta faɗa, gona ta yi toka.

Dou ta zauna kusa da ita a kan akwatin inabi, ta ce kada anti ta damu, yanzu na'ura tana haɗa mutane ko ba su taɓa haɗuwa ba, ta zaɓi ɗaya daga cikin hotunansa na safe. Suka yi ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga shi yana nuna tarakta. Ga shi da ganga. Dou tana dariya, Shulan ba ta yi. Can ta dafe hannun yarinyar.

A wannan hoton Pang ya ɗaga kofi daidai fuskarsa, ya karkata kai, idanunsa sun yi laushi, bakinsa da wani ɗan murmushi mai kunya kamar na saurayi. Shulan ta daɗe tana kallo. Ba ta san fuskar nan tana da wannan kallon ba. Ba ta gan shi ranar da ta haihu ba, ba ta gan shi ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata ba.

"Wannan," ta ce. "Ki cire kofin, ki sa ni a wurin."

Dariyar Dou ta tsaya. Ta ce to.

Da suka dawo gida, unguwa ta sha labari daga bakin Pang. Wai shi da Shugaba Meng sun yi muhimmiyar ganawa a kan makomar noman inabi. Wai mai gonar ta roƙe shi ya zauna ya ba su shawara, ya ce iyali sun fi. Ciwon kan da ya kwantar da shi a jirgi kuwa, canjin iska ne.

Aka kawo hoton cikin firam mai ruwan zinariya, girmansa ya kusa ƙofa. Shulan ta dafa shayi, ta kira maƙwabta. Aikin Dou ya yi kyau, babu mai ganin ɗinki. Hannun da ke riƙe da kofi ya koma yana tallafe da haɓar amarya, ga kallon nan yana zuba a kanta. Mata suka yi ta ajiyar zuciya. Matar mai gyaran keke ta zunguri mijinta da gwiwar hannu, ta ce ya buɗe ido ya ga yadda ake kallon mace bayan shekara talatin, shi ko tukunyar nama bai taɓa yi wa haka ba. Shulan tana bakin kicin da tsumma a hannu, fuskarta ta yi ja. Abin da ta nema ke nan, ba ƙari: ya hau bango, a gani, a yi shiru.

Aka buɗe wa Darakta hanya. Ya tsaya gaban hoton, hannuwa a baya, ya ja da baya, ya matso, ya yi gyaran murya.

"Tsayuwata ta yi," ya ce. "Kwat ɗin ta zauna. Na ma tuna lokacin, da safe ne, kusa da ganguna." Ya sa tabarau ya ƙura ido, ya haɗe gira. "Amma Shulan, ai kofi ne a nan. Jar giyar nan ce ta tsohuwar ganga, wadda ba a ba kowa. Wa ya ce a cire ta?"

Babu wanda ya kurɓi shayinsa. Shulan ta ninke tsumman ta koma kicin. Matar mai gyaran keke ta juya a hankali, ta shafa haƙarƙarin mijinta inda ta zungura, ta ba shi haƙuri.